Yadda Na Shuka Katafila a Fadamar Kura

Duk inda mota ta kafe a ƙasar Hausa ba a rasa injiniyoyi. Kafin direba ya sauko ya duba taya, jama'a sun kewaye shi: wannan ya ce a sa giya ɗaya, wancan ya ce a rage iska, wani can baya ya ce ai tun farko bai kamata a biyo nan ba. Kuma ba wanda zai taɓa laka a cikinsu. Na daɗe a wannan ƙungiya, ina da girma a cikinta ma, domin ina sa tabarau, muryata kuma tana da kauri. Abin da ban taɓa samu ba shi ne motar da za ta kafe a ƙarƙashin ikona ni kaɗai, in ba da umarni a bi ba gardama. Da Allah ya tashi ba ni, sai ya ba ni mai tan 20.

Ina da 'yar gona a fadamar Kura, cikin yankin da ruwan madatsar Tiga yake shayarwa. Tun da aka kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam ba su san zaman rani ba: shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa in sanyi ya shigo. Maƙwabtana duk shinkafa suke yi, kamar yadda iyayensu suka yi. Ni kuwa ma'aikacin ofis ne mai babbar waya, na kalli bidiyon kiwon tarwaɗa har na iya lissafin riba da ka. Abin da ya rage kawai shi ne rami. Lebura da diga za su daɗe, don haka na yanke shawarar hayar katafila mai hannu, irin wadda take zama wuri ɗaya tana juyi tana kwasar ƙasa da bokiti.

Na zaɓi watan Agusta, kuma da hikima na zaɓe shi. A tsakiyar marka 'yan kwangila sun jingine aiki, injuna suna zaune a gareji, haya ta sauko. Da na yi wa uwargida wannan bayani, sai ta ce, “To Malam, su 'yan kwangilar me ya sa suka jingine aikin?” Na gaya mata wannan tambaya ce ta wanda bai san kasuwanci ba.

Tirela ta sauke katafilar a kan hanyar burji da take bin gefen babbar magudanar ruwa. Direban, wani saurayi mai ladabi, bai hau ba tukuna. Ya ɗauki rodi ya shiga gonar a ƙafa yana caka shi a ƙasa. A bakin gona rodin ya tirje. Da ya kai kwarin da na yi wa alama da tsumma, rodin ya shige har hannunsa. Ya dawo ya ce, “Oga, saman ne kawai ya bushe. Ƙasan ruwa ne.” Wani dattijo maƙwabcina da ke zaune a kan kunya ya ƙara da cewa, “Alhaji, wannan kwarin ko shanun huɗa ba ma sa wa sai bayan kaka.”

Nan na gyara tabarau na yi musu karatu. Na ce shanu kofato gare su, mota taya gare ta, duk nauyinsu a ɗan wuri yake taruwa. Katafila kuwa a kan faffaɗar sarƙa take tafiya, doguwa, dama da hagu, nauyinta ya bazu, har abin da kowane taƙi na ƙasa yake ɗauka bai kai wanda tayar ƙaramar mota take ɗora masa ba. Wannan magana gaskiya ce, har gobe ban janye ta ba. Ƙasar ce ba ta kalli bidiyon ba.

Ta shiga lafiya lau, ina gaba ina yi mata jagora da hannu cikin farar shadda. Bokitin farko ya fito da baƙar laka mai ƙyalli, na juya na dubi dattijon. Sai dai idan katafila ta miƙa hannu can nesa ta ciko bokiti, nauyin da na ce ya bazu sai ya tattaro ya dawo kan goshin sarƙa. Ɓawon busasshiyar ƙasar ya fashe. Gabanta ya sunkuya a hankali, cikin ladabi. Direba ya leƙo yana neman izinin tsayawa. Na ce, “Yi baya! Ba ta wuta!” Ya ba ta wuta. Sarƙa ta juya a wuri ɗaya, kuma duk juyi sai ta kwashe lakar da ke ƙarƙashinta ta watsar, ta ƙara zama. Na ce ya gwada gaba. Ta ƙara zama. Ya dasa bokiti a ƙasa don ya ɗaga gefe ɗaya, dabarar da suke yi kullum idan akwai abin dogarawa, amma bokitin ma ya nutse har wuya. Da cikinta ya kwanta a kan laka, sarƙoƙin suna wulwulawa a banza, sai ya kashe injin ya sauko ta kan hannun, bai ce mini uffan ba.

Na tara samarin gari su tura. Sun tura da gaskiya, da kabbara, an biya su. Na kawo tarakta, ta tsinka igiya ta haƙa wa kanta ramuka biyu ta tafi. Mai katafilar kuma ya bugo waya daga Kano, muryarsa a sanyaye, ya ce, “Alhaji, ba komai, Allah ya kiyaye gaba. Sai dai haya tana tafiya, ko tana aiki ko tana kwance. In kuma ruwa ya shiga injin, wannan wata magana ce daban.” Na ɗaga kai na dubi gabas. Hadari ya haɗu.

Dole na nemi janwe. Janwe iri biyu ne, kuma farashinsu ba ɗaya ba. Akwai ƙarami mai jan ƙananan motoci da bas-bas a hanyar Zariya, akwai babba mai tayar da tanka da tirela idan sun faɗi. Mai ƙaramin ya zo ya duba ya ce ba aikinsa ba ne. Na ce masa rashin gwadawa shi ne rashin nasara. Wayar da yake ja da ita ba ta kai ba daga kan burji, sai na tsaya a bayansa ina cewa, “Taho, taho, akwai wuri, taho.” Ya taho. Zuwa la'asar ina da motoci biyu a gonar, ga mai rake ya kafa baro, ga 'yan awara sun hura wuta, yara kuma suna ɗaukar bidiyo. Wani abokin aikina ya turo mini ni kaina ta WhatsApp, yana tambaya ko na san wannan mutumin.

Mai babban janwe dattijo ne gajere, rawaninsa duk baƙin mai. Abu na farko da ya yi shi ne ya ƙi sauka daga kan burji, duk da na nuna masa hanya. Ya kafa ƙafafun ƙarfen motarsa a kan katakai, ya naɗe wando, ya zagaya katafilar shiru. Na bi shi ina ba shi rahoto, har laka ta kama ƙafata ta dama. Na fizgo ƙafar, takalmin ya zauna.

Ya ce, “Yauwa, Alhaji, ka huta da tambaya. Takalminka nauyin me gare shi? Amma ga shi ka kasa ciro shi. Yadda ta tsotse shi, haka ta tsotse cikin motar nan.” Lissafinsu na sana'a, in ji shi, shi ne idan laka ta tsaya a sarƙa, nauyin motar kake ja. Idan ta rufe sarƙa ta kai gangar jiki, ka ninka biyu. Idan ta kai ɗakin direba, ka ninka uku. Tawa tana mataki na biyu tana neman ƙarin girma. Wato tan 40 na sa samari su tura, kuma tan 40 na kira mai jan tasi ya ja.

Na zaci zai ɗaura waya ya fizga, a yi ta ta ƙare. Ashe jan shi ne ƙaramin aikin. Ya sa aka kawo shebur, samarin nan dai suka dawo da sabon farashi, aka yi ta kwashe laka daga gefen sarƙoƙi da bayan motar, aka fafe gangara ta hanyar da ta shigo, domin ta inda mota ta shiga ta nan ake fito da ita, ƙasar wurin ta riga ta danne. Aka ari injin ban-ruwa aka zuƙe ruwan da ke taruwa a ramin. Sannan, abin da ya ɗaure mini kai, ya sa aka juya bakin tiyo aka cusa shi ƙarƙashin cikin katafilar ana tura ruwa. Na ce, “Baba, ruwa ne fa ya jawo mana wannan.” Ya ce idan ruwa ya ratsa tsakanin ƙarfe da laka, tsotson ya karye. Aka sayo azara da gumagumai, kusan rufin ɗaki guda, aka jera su a gicciye a kan gangarar don sarƙa ta sami abin cizo.

Wajen ɗaura waya na sake ba da gudummawa. Na nuna hannun katafilar, ga shi a sama, a bushe, ba sai an shiga laka ba. Ya ce, “Alhaji, so kake ka mayar wa mai ita da hannu daban, gangar jiki daban?” A ƙasa ake ɗaurawa, a jikin ƙarfen da ke riƙe da sarƙoƙi, inda masu ƙera ta suka tanadi wurin ja. Yaronsa ya nutsa har ƙirji ya maƙala wani fuli mai nauyi a wurin. Wayar ta taso daga janwe, ta zarga ta cikin fulin, ta koma baya aka ɗaure ta a wani gungume da aka binne a gicciye cikin rami a busasshen wuri. Da haka ƙarfin janwe ya zama biyu, saurinsa ya zama rabi. Kafin a tayar da injin katafilar kuma sai da ya zaro ma'aunin baƙin mai ya duba da idonsa. Da ruwa ya shiga, da man ya yi fari-fari, kuma tayar da injin a haka shi ne “wata magana daban” da aka yi mini alkawari. Man baƙi ne wuluk. Ban taɓa son baƙin abu haka ba.

Suka rataya tsohuwar taya da jiƙaƙƙun buhuna a tsakiyar wayar, don idan ta tsinke nauyinsu ya kwantar da ita maimakon ta yi bulala. Ya kori kowa nesa, fiye da tsawon wayar, har mai rake. Ni kuwa a matsayina na mai aiki na sami wuri mai kyau na ɗaukar bidiyo, daidai tsakanin janwe da katafila, ƙafa ɗaya da takalmi.

“Alhaji, ka bar wasiyya a gida?”

Na ce a'a.

“To koma gindin bishiyar can. Ungo jarkar nan ka riƙe mana, kada a ɗauke.”

Jarkar babu komai a cikinta. Daga baya na lura ma a fashe take. Amma na riƙe ta da amana.

Mutum ɗaya ne yake ba da alama, shi kaɗai, da hannu, ba ihu. Wayar ta miƙe, ta ɗaure, ta fara kuka. Ba fizga, ja ne a hankali wanda ido ba ya gani. Direban katafila ya dasa bokitinsa a kan gumagumai da aka shimfiɗa masa a gaba yana tura kansa baya, yana juya sarƙa sannu-sannu daidai da tafiyar waya. Aka daɗe ba abin da ya motsa, har na fara shirya jawabin da zan yi a kan gazawar hanyoyin gargajiya. Sai ƙasa ta yi wata irin gyatsa, ruwa ya ruga ƙarƙashin motar, bayanta ya ɗago. Sarƙa ta kama azara ta farko ta murƙushe ta, ta kama ta biyu, ta hau. Aka tsaya, aka gyara gumagumai, aka sake ja, taƙi-taƙi, har ta fito tana zubar da laka. Mata suka rangaɗa guɗa. Na taho da sauri in yi wa jama'a godiya, na taka inda ba a shimfiɗa komai ba, na shige har cinya. Samarin suka ciro ni. Wannan ma sai da aka yi ciniki.

Ƙaramin janwen bai ɗauki lokaci ba, babban ya fincike shi a kan hanyarsa ta tafiya. Kuɗin duka biyun a kaina, har da wankin katafila, domin idan laka ta bushe a cikin sarƙa sai an sa guduma.

Rami dai na samu. Ba shi da kusurwa huɗu kamar na bidiyo, siffar cikin katafila gare shi, kuma kwaɗi sun riga tarwaɗa tarewa.

Sai zaman gaban mai unguwa. Tarakta ta bi ta gonar wani, gumagumai an jawo su ta gonar wani, 'yan kallo sun tattake ta wani. Akwai ma wanda gonarsa take hayin magudana, ya ce ƙarar injin ta firgita masa shinkafa tana cikin fitar da kai. Mai unguwa ya kore shi, amma ya ce in ba shi na goro. Sauran suka ce ba sa son kuɗi, kuɗi ba ya auki, a biya su da abin da aka ɓata musu, buhu da buhu. Dattijon nan na kan kunya shi aka naɗa ya ƙiyasta ɓarnar, kuma na shaida bai zalunce ni ba, bai kuma tausaya mini ba.

Da kaka ta yi na je kasuwar Dawanau na sayi shanshera, na yi hayar a-kori-kura. Direban ya tambaye ni inda za a kai. Na ce Kura. Ya juyo ya dube ni, ya dubi buhunan, ya ce, “Alhaji, shinkafa za ka kai Kura?” Na ce ya ja mota kawai, kuma idan mun isa kada ya sauka daga kan burji ko da ni na ce ya sauka.