Hutun Dubai a Bagas

Sa'a a ƙasar nan ba ruwanta da wanda ya shiga gasa. Kana zaune kana lissafin kuɗin cefane, sai ga saƙo a waya: ka ci naira miliyan biyu da hutun mako guda a Dubai. Kai da ko fasfo ba ka da shi.

Sai kira ya biyo baya. Murya mai ladabi, "ranka ya daɗe" kamar a fadar sarki. Ɗan bayani kawai mai kiran yake so: lambobi 11 na BVN, na gaban katin ATM, da ukun nan na baya. Can sai ya ce za a turo maka wasu lambobi, ka karanto masa maza kafin kujerar jirgin ta kuɓuce. Bankinka ne ya turo su don ya tabbatar kai ne mai cire kuɗi, a jikin saƙon ma an rubuta kada a ba kowa. Idan ka karanto, tafiya kam an yi ta, sai dai kuɗinka ne suka tafi, kai kana nan a kan benci.

Ga kuma "kuɗin rajista". Kamfanin da zai ba ka miliyan biyu ya rasa dubu biyar ta cike fom! Ce masa ya cire daga kyautar ya turo ragowar. Nan take ladabi ke ƙarewa, wani har ashar yake ɗura maka kafin ya kashe waya.