Jinjina ga Waɗanda Suka Koya wa Nas Sayar da Atamfa

Yabon gwani ya zama dole, kuma ba za a ce bakina ya yi nauyi ba. Masu riƙe da sha'anin lafiya a ƙasar nan, daga Abuja har Katsina, kun yi bajintar da ta isa a tara maroƙa a yi muku kirari. Kun ɗauki yarinyar da ta shafe shekara 3 a makarantar koyon aikin jinya ta Katsina, ko ta unguwarzoma da ke Malumfashi, wadda ba ta da burin da ya wuce ta sa fararen kaya ta tsaya a kan marar lafiya, kun gyara ta tsaf har ta zama gogaggiyar 'yar kasuwa. Mai shakka ya buɗe wayarsa ya ga abin da nas-nas ɗinmu na Dutsin-Ma da Kurfi ke tallatawa a WhatsApp: atamfa da leshi, turaren wuta, zannuwan gado, kajin gidan gona. Mazan cikinsu ma ba a bar su a baya ba. Wannan ya buɗe kemis, wancan ya kafa rumfar POS a kasuwar Laraba, wani kuma ya kama fili a bakin dam ɗin Zobe yana lissafin tumatir da albasa. Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011 tana can tana fama da koya wa ɗalibai dogaro da kai a cikin aji. Ku kuwa ba allo ba alli kuka koyar, kuma ɗalibanku duk sun ci jarrabawa.

Hikimar tana cikin albashi. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200, kafin 2024 ta ƙare ta haura naira 1,000. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, a shekarar da babban buhun shinkafa ya zarce wannan kuɗin. Kun tsara abin ta yadda albashin nas zai raka ta zuwa tsakiyar wata ya yi mata sallama, sauran kwanakin sai adashi da bashin mai shago. Kafin nan ma kun nuna gwaninta a kan alawus ɗin haɗari. Shekara da shekaru naira 5,000 a wata ake ba ma'aikacin lafiya a matsayin kuɗin kasadar da yake yi da ransa, wato kuɗin taɓa jinin mai zazzaɓin Lassa da shaƙar tarin mai tarin fuka. Sai da korona ta zo a 2020 duniya ta ji adadin, kafin a taɓa shi a ƙarshen 2021. Wa ya kai ku iya tattali?

Sai kuma hanya. Daga birnin Katsina zuwa Dutsin-Ma tafiyar kilomita 60 ce ko kusa da haka, Kurfi tana tsakani. Ma'aikata da yawa sun kwashe iyalansu sun kai birni, suna jeka-ka-dawo, saboda kowa ya san abin da ke fitowa daga dajin Rugu, ya san halin da Safana da Batsari da Ɗanmusa suka shiga, ya kuma san ɓarayin daji ba sa jin kunyar fararen kaya. Hasali ma mai albashi suke nema. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Dutsin-Ma da Kurfi, watanni suka shuɗe a haka. Madalla da wannan horo. Nas ta koyi karɓar haihuwa mai gardama ba tare da ta iya kiran likita ba, mijinta kuma ya koyi kwana bai san ko ta isa wurin aiki ba.

Amma gwanintarku ta fi fitowa da dare, don haka bari mu shiga wani asibiti da ba sai na faɗi sunansa ba, mu tsaya a bakin ɗakin haihuwa.

Ƙarfe biyu ta wuce. Wuta ta ɗauke tun magariba, janareta ba mai. Nas ɗaya ce a duti, da wata dattijuwa mai shara da take taya ta riƙe abin da hannu biyu ba za su iya ba. Ɗakin mata yana hannunta, ɗakin yara ma ita yake jira. Sai ga babur ya tsaya, an goyo wata yarinya daga ƙauye, an ɗaure ta da zani a bayan mijinta don kada ta faɗo. Haihuwar fari ce, ƙafafu sun kumbura, jijjiga ta kama ta tun a hanya, ta taune harshe har jini ya ɓata mata haɓa. Nas ta kunna fitilar wayarta ta cije ta a baki, domin hannu ɗaya yana riƙe da damtsen yarinyar, ɗayan yana laluben jijiya. Ta yagi takarda ta rubuta safar hannu, ƙarin ruwa, sirinji da allurar jijjiga, ta miƙa wa mijin.

"Malam, yi sauri ka buga wa mai kemis ƙofa."

"Sista, wallahi kuɗin man babur ma rance na yi."

Uwar yarinyar ta durƙusa ta kama gefen rigarta. "Ɗiyata, ki dube ni don Allah. Ita kaɗai gare ni."

Sai nas ta buɗe jakarta, ta zaro safar hannun da ta saya da kuɗinta, ta ƙirgo wa mijin abin da ta ware na motar komawa gida. Wannan fa shi ne tsarin da kuka gina, kuma babu irinsa: asibitin da ma'aikaciyarsa ke ba shi tallafi. In yarinyar ta tashi, an gode wa Allah. In ta cika, ga wadda za a zaga a tsaye a gabansu, ba kwamishina, ba babban sakatare, ba ɗan majalisa. Gobe a majalisar shayi za a ce nas-nas ba su da imani, sun iya tsawa, sun iya harara. Akwai masu tsawar, ban musa ba, kuma mai naƙuda ba ta cancanci a daka mata tsawa ba ko da wane dalili. Sai dai kun yi dabara da kuka bar mutane suna ƙirga tsawar, ba mai ƙirga gadajen da mace ɗaya ta kwana tana zagayawa.

Da safe ta miƙa duti, idan mai karɓa ta iso ke nan. Ta tsaya a bakin titi ta samu mota, ta isa gida hantsi ya dubi ludayi. Yara sun tafi makaranta, babbar 'yarta mai shekara 11 ce ta dafa musu shayi ta ɗaure wa ƙaramin takalmi. Jaririn da ta bari tun la'asar ɗin jiya ya sha koko ya gaji da kuka. Surukarta tana zaune a tsakar gida, ta amsa gaisuwa a daƙile, ta ce, "Ke dai kullum asibiti. Sunan gidan Yaya ba a gan ki ba, ta'aziyyar Kawu ba a gan ki ba. Mutane fa suna magana." Ranar Sallah ma a ɗakin yara ta yi ta, tana jiyo kabbarar idi ta taga. Maigida mai haƙuri ne, amma ya fara cewa in dai abin da za a kawo ƙarshen wata ke nan, gara ta zauna ta kama sana'a a ɗaki. Kun ga kun sauƙaƙa mata. Da a ce aikin yana biyan bukata, da ta sha wahalar zaɓe tsakanin gidanta da marasa lafiyarta. Yanzu lissafin a fili yake: ribar turmi goma na atamfa ta fi alawus ɗin dutin dare, ga barci a kan gadonta.

Idan ta buɗe baki, kuna da magani guda da bai taɓa yankewa a sito ba: a yi haƙuri, aikin lada ne. Kuma gaskiya ne, aikin lada ne. Rufaida Al-Aslamiyya ta kafa tantinta a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Duk nas ɗin da na sani tana alfahari da wannan gado, kuma shi ne ke riƙe da da yawansu har yau. Ku ne dai kuka gano cewa ana iya cusa lada a cikin kasafin kuɗi, a rubuta ta a gurbin ma'aikata uku da ba a ɗauka ba. Addinin da ya yi alkawarin ladar shi ne ya yi umarni a biya ma'aikaci haƙƙinsa ba jinkiri, amma wannan ɓangaren kun bar wa malamai.

Ba a nan kuka tsaya ba, har kasuwar duniya kuka shiga. A watan Fabrairun 2024 magatakardar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Unguwarzoma ta Ƙasa, Faruk Abubakar, ya ce nas-nas 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara 3, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Gyaɗa da auduga da kirgi sun daɗe da daina fita daga ƙasar Hausa yadda suke fita a da, ga shi kun samo mana sabon kaya. Mu haifa, mu raina, mu biya kuɗin makaranta, Ingila da Saudiyya su karɓa a shirye. Yanzu a ɗakin hutun ma'aikata hirar jarrabawar Turanci ake yi da ta fasfo, da wadda ta tafi bara ta riga ta kai mahaifiyarta Umara. Da kuka ga tafiyar ta yi yawa, sai hukumar ta fito da ƙa'ida a wancan watan na Fabrairun 2024: ba za a tantance takardun mai son fita ba sai ya yi shekara 2 yana aiki. Nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Mai ƙaramar basira zai tambayi abin da ke korar mutane daga ɗaki. Ku kuka je kai tsaye kuka ƙara wa ƙofa sakata.

Ai tun 2019 ministan ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, wanda shi kansa likita ne, ya kwantar mana da hankali cewa likitoci sun yi mana yawa, mai son tafiya ya tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ce dai ba ta fahimta ba, ta saka Najeriya a jerin ƙasashe 55 da ƙarancin ma'aikatan lafiya ya fi yi wa katutu a 2023. Kuma me zai sa a zargi nas da bin hanyar da manya suka share? Jihar Katsina ta ba ƙasar nan zaɓaɓɓun shugabanni biyu, Allah ya jiƙansu. Umaru Musa 'Yar'aduwa Jidda aka kai shi jinya a Nuwamban 2009. Muhammadu Buhari ya yi fiye da kwana 100 a jere a Landan a 2017, a can kuma ya rasu ranar 13 ga Yulin 2025. Nas ta lura da inda masu iko ke kai jikinsu in ya motsa, ta ce bari ta je can ta jira su.

Takardu kuwa ba a magana. A Abuja, a watan Afrilun 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Mu masu masaukin baƙi mun riƙe alkawarin da daraja, ba mu taɓa shi ba, kasafin tarayya yana ta kewaya kashi 5. A watan Agustan 2024 aka amince da sabuwar manufa ta ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, a ƙarƙashin minista Muhammad Ali Pate. A jiha kuma gwamnati ta ce kowace mazaɓa cikin 361 za ta samu asibitinta, ana ta gini da fenti. Gini abu ne mai kyau, duk wanda ya taɓa kwantar da ɗansa a ɗaki mai yoyo zai yi murna da shi. Abin da ya rage ku nuna mana shi ne yadda sabon fenti ke auna hawan jini da ƙarfe biyun dare.

Ba nas ce ke biyan kuɗin wannan gwaninta ba. Ita tana da takarda, tana da hannun sana'a, in ta bar fararen kaya ba za ta kwana da yunwa ba. Mai biya ita ce yarinyar da aka ɗauro a bayan babur. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa sanadin ciki da haihuwa a faɗin duniya 'yan Najeriya ne, kuma kowa ya san Arewa ce ta ɗauki kaso mafi nauyi. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 tamowa ta kashe a cibiyoyinta na Jihar Katsina a watanni shidan farko na 2025. Yaron da tamowa ta ci ba a duba shi sau ɗaya a wuce. Sai an tashi cikin dare an ba shi madara a kan lokaci, an taɓa jikinsa ko ya yi sanyi, an lura da numfashinsa. Aikin nas ne daga farko har ƙarshe, kuma ita ce kuka tura kasuwa.

A ƙarshen Yulin 2025 ƙungiyar nas-nas da unguwarzoma ta ƙasa ta shiga yajin aikin gargaɗi na kwana 7. Ku ji irin kwaɗayinsu: a gyara alawus ɗin duti da na kayan aiki, a ɗauki ƙarin ma'aikata, a buɗe musu sashe nasu a ma'aikatar lafiya ta tarayya. Kuka kira su zama, kuka yi alkawari, suka janye a farkon Agusta tun kwanakin ba su cika ba, domin sun san wa ke kwance a gadajen da suka bari.

Ranar 12 ga Mayu tana nan tafe, ranar nas-nas ta duniya. Ku buga musu riguna da huluna, ku kira su gwaraza, ku zaɓi ɗaya daga Kurfi ɗaya daga Dutsin-Ma ku miƙa musu allon yabo a gaban 'yan jarida. Roƙona ɗaya, ku yi taron da hantsi ku sallame su da wuri, ku kuma haɗa musu da kuɗin mota. Suna da dutin dare, kuma direbobi ba sa son bin hanyar bayan la'asar.