Yadda Za Ka Zana Kare da Ubangidansa, Kowa Ya Tafi Yana Murna

Abu na farko da za ka tuɓe a bakin ƙofa shi ne mamaki. A wurinmu kare na farauta ne ko na gadi, a waje yake kwana, kuma ba wanda ke tunanin rataya hotonsa a falo. A Ingila kuwa ɗan gida ne, da shimfiɗarsa da likitansa, zanen hotonsa kuma tsohuwar sana'a ce mai daraja. A 2023 gidan adana zane-zane na Wallace da ke Landan ya shirya baje koli sukutum a kan hotunan karnuka kaɗai. Saboda haka in wani Bature ya ga aikinka a intanet, ya turo saƙo yana son ka zana shi da karensa, kada ka ce, "Har da karen?" Ce masa, "Yaya sunansa?" Da wannan tambaya ciniki ya kusa faɗawa.

Daga nan sai ka gane wane ne babba a cikin hoton. Ba mai biyan kuɗin ba ne. William Hogarth ya warware wannan magana tun 1745, lokacin da ya zana kansa a matsayin hoto jingine a kan littattafai, ya zaunar da karensa Trump a gaba, shi ne mai rai, shi ne mai tsaron wurin. Edwin Landseer ya ƙara gaba a 1841, sa'ad da Sarauniya Biktoriya ta sa shi ya zana Eos, karyar mijinta Yarima Albert, siririya mai dogayen ƙafafu, mai ƙira irin ta karnukan Azawak na Nijar da Mali. Karyar ce ta cika hoton. Yariman kuwa hularsa da safar hannunsa da sandarsa ne suka wakilce shi, kuma da aka ba shi hoton kyauta ya karɓa da farin ciki. To, in ɗan sarauta ya yarda da haka, kada ka ji nauyin matsar da mai ofis gefe kaɗan.

Matsalarka ta gaskiya ita ce zama. Mutum za ka ce masa ya ɗaga haɓa ya ɗaga, ya daina motsi ya daina. Kare zai ba ka daƙiƙa biyar, sannan ƙuda ya gifta. David Hockney ya sha wannan a shekarun 1990 da 'yan gajerun karnukansa masu dogon jiki, Stanley da Boodgie. Dabarar da ya yi ita ce kafa allunan zane a wurare daban-daban cikin gidansa, da fenti a shirye, duk inda suka kwanta sai ya hau aiki da sauri. Ya fitar da hotuna sama da 40, kuma a yawancinsu barci suke yi. Bi sawunsa: a ciyar da karen, a zagaya da shi har ya gaji, sannan ka ɗauki fensir. In kana son kunnuwa a miƙe da ido a buɗe, sa ubangidan ya tsaya bayanka riƙe da ɗan tsokar nama daidai kafaɗarka. Ban da cakulan, don guba ce ga kare. Ka kuma tuna maganar Hausawa cewa in ka ga kare yana shinshinar takalmi ɗauka zai yi. Haka yake yi wa buroshi. Ɗaga kwalaben fenti da ruwan wanke buroshi sama, wasunsu na iya cutar da shi, kuma kada ka ajiye ɗanyen zane inda wutsiya za ta kai, sai fa in kana neman abokin aiki.

Yawancin ayyukan yau daga hoton waya ake yin su, don haka koya wa mai karen ɗaukar hoto kafin ka karɓi komai. Ya durƙusa daidai idon karen, domin hoton da aka ɗauka daga sama kan ba ka ƙaton kai a kan ƙananan ƙafafu. Ya ja baya, don waya in ta matso tana kumbura hanci. Ya kashe fitilar kyamara, tunda a bayan idon kare akwai wata fata da ke mayar da haske, shi ya sa yake fitowa da idanu kore shar kamar ya zo karɓar bashi. Hasken safiya ta taga ya wadatar. Nemi hotuna goma, za ka samu ɗaya mai amfani da tara na bayan kunne.

Yanzu fenti. Baƙin kare ba baƙi ba ne. Zuba masa ido a rana, za ka ga shuɗi a gadon baya, ruwan toka a goshi, ja-ja-ja a gefen kunne. Wanda ya matso baƙin fenti ya shafe komai, rami ya haƙa a tsakiyar allo. Farin kare ma haka: akwai ruwan ƙwai inda rana ta taɓa, akwai shuɗi-shuɗi a inuwa, farin gaske sai a 'yan wurare ƙalilan. Kada ka zauna ƙirga gashi ɗai-ɗai, za ka tsufa a kan wuya ba ka kai ƙirji ba. Gashi curi-curi yake kwanciya, kowane curi da inda ya dosa. Fara da duhu, bi da haske, ka bar 'yan siraran layuka sai ƙarshe, a gefen baki da gira. Hanci jiƙaƙƙe ne, ba shi ɗan sheƙinsa. Sannan ɗigon farin nan na cikin ido, wanda bai kai ƙwayar gero ba, shi ke tayar da dabbar gaba ɗaya. Sa shi a gefen da haske ya fito, a ido biyun daidai.

Ga abin da na fi damuwa da shi a duk wannan sana'a. In kunne ɗaya a karye yake, zana shi a karye. In akwai tabo a hanci ko furfura a leɓe, kada ka share. Mai karen bai zo neman hoton irin karnuka ba, akwai wannan a kowane littafi. Ya zo ne don wannan ɗaya tilo da ke tarbarsa a ƙofa, kuma da karyayyen kunnen yake gane shi. Sau da yawa ma karen ya riga ya mutu. Shahararren karen nan da ke leƙa bakin garmaho a jikin tsofaffin fayafayai, Nipper, ya mutu a 1895, Francis Barraud bai zana shi ba sai bayan shekara uku. Idan aka turo maka dusassun hotuna uku aka ce su ke nan, to amana aka ba ka. Tambayi yadda yake kwanciya da yadda yake karkata kai in an kira shi, ka saurara da kyau ko da labarin ya yi tsawo.

Mutum kuwa, Allah Ya ba ka haƙuri. Ƙa'idar fuska mai sauƙi ce: idanu a tsakiyar tsawon kai suke, ba can sama kusa da hula ba, kuma tsakanin ido da ido akwai kimanin faɗin ido guda. Wahalar tana wajen mai fuskar, don kowa yana yawo da wani hoton kansa na shekara 15 da suka wuce. A 1954 majalisar dokokin Birtaniya ta sa Graham Sutherland ya zana Winston Churchill don cikarsa shekara 80. Ya zana tsoho yadda ya gan shi. Churchill ya tsani hoton, aka kai shi gida aka ɓoye, daga baya aka ƙone. Hanyar tsira ita ce haske mai taushi daga gefe, da hira. Tambayi Hajiya labarin jikokinta, ko Baturen labarin karensa, fuskar za ta saki da kanta, sai ka zana wannan. Ba ƙarya ka yi ba, ka dai jira mutum ya fito ne. Kuma kada ka bari dangi su kafa kwamiti a bayanka, domin goggo za ta ce hancin ya yi tsawo, kawu ya ce nasu na gado ya fi haka.

Masu cewa zanen kwamfuta ba zane ba ne, a tuna musu cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Hockney ɗin nan dai ya rungumi iPad tun 2010, da ita ma ya tsara tagar gilashi ta majami'ar Westminster a 2018. Manhaja irin su Procreate tana ba ka damar ɗora aiki hawa-hawa, kare a hawa guda, ubangida a wani, ta yadda in sun ɓata za ka iya ɗage ɗaya ba tare da ka taɓa ɗayan ba. Barraud bai samu wannan gata ba: da kamfanin garmaho ya sayi zanensa a 1899, sai da ya shafe na'urar farko ya zana tasu a kai. Amma ka yi hattara da maɓallin komawa baya, yana iya cinye maka yini a kan gira guda, kuma kada ka zuƙo hoto har ka manta cewa kare ne. Juya zanen hagu zuwa dama lokaci-lokaci, karkataccen ido zai tona kansa. Mai aiki da buroshi ya yi haka da madubi.

Fentin mai yana son tsari: siririn shafi a ƙasa, mai kauri a sama, in ba haka ba ya tsattsage. Yana kwanaki bai bushe ba, man sheƙi kuma sai bayan kamar wata shida, don haka kada ka yi alkawarin Juma'a mai zuwa. Akirilik cikin mintoci yake kamewa, ya ɗan ƙara duhu. Na kwamfuta kuma a fitar da shi da ɗigo 300 a kowane inci, a fara buga ɗan gwaji, don launin da ke walƙiya a fuskar na'ura yakan kwanta a takarda.

Karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, ku yi yarjejeniya a kan gyara biyu kacal. Ranar miƙa aiki, jingina hoton a ƙasa ka bar karen ya fara zuwa. Zai shinshina, ya kaɗa wutsiya, ya nufi kicin. Kafin ya dawo, ɗauke hoton ka rataya a bango, sama da inda ƙafarsa ta baya za ta iya kaiwa.