Yadda Ake Tuƙa Kwalekwale Daga Fakku Zuwa Yawuri a Dawo da Hula a Ka

Duk mai sha'awar bin Gulbin Ka da kwalekwale, ya fara duba wata kafin ya duba aljihu. Wanda ya iso Fakku a watan Maris da filafili a kafaɗa, yashi zai tarar da 'yan kududdufai, yara na ƙetarewa da ƙafa suna gaishe shi da sannu da zuwa. Ruwan kirki sai damina ta nutsa, wajen Agusta da Satumba, kuma a lokacin ne gulbin ya fi fushi.

Na biyu, ya gaida mai fito. Gaisuwa cikakkiya, har da tambayar iyali da gajiya. Mutumin nan ya san inda kututture ya kwanta da inda ruwa ke juyi, kuma ba ya faɗa wa wanda ya zo yana duba taswira a waya.

Hanyar kuwa doguwa ce. Ka yana gangarawa yamma ya faɗa Gulbin Kebbi, wannan ya miƙa shi ga Kwara, daga nan a nufi Yawuri, inda kogi ke buɗewa ya zama tafkin Kainji, wanda aka kammala madatsarsa a 1968 don samar da lantarki. Can ƙasa tsohon garin Busa yake kwance a ƙarƙashin ruwa. A nan ne Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, bayan ya wuce Yawuri da jirginsa. Matafiyi ya ɗauki darasi, ya sauka a Yawuri ya ci soyayyen kifi, ya bar wa Bature sauran tafiyar.

In ya hango kunnuwa biyu ƙanana a saman ruwa, kada ya tsaya ɗaukar hoto. Dorina ce, kuma ba ta son baƙi, balle in tana da ɗa. Ragar masunta ma a kauce mata, don Sarkawa ba sa wasa da abincinsu.

Amma abin da ya fi cin rayuka a ruwan nan lodi ne. Ran kasuwa ana ɗora buhuna, a ɗora babura, a ƙara mutane, har bakin jirgi ya kusa shan ruwa. A watan Mayun 2021 jirgin da ya nufi Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ya nutse da mutane fiye da 100. A Satumban 2024 Gummi ta yi makokin manoma masu zuwa gonakinsu da jirginsu ya kife. Don haka in direba ya ce "saura mutum ɗaya", matafiyi ya dubi gefen jirgin da idonsa, in ya ga ya yi ƙasa ya jira na baya. Ya sa rigar kariya ko da abokai za su kira shi matsoraci. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, saboda haka kafin magariba a ɗaure jirgi a nemi masauki.