Zuwa ga Taubashina, a kan Motar da Ka Kira Tocila

Trondheim, Norwe
Fabrairu 2025

Bawan gidanmu,

 Yaya Goggo da ciwon ƙafa? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙon muryarka ya iso, minti goma sha ɗaya cif, rabinsa dariya. Na kuma ji yadda ka je ka tsaya a tsakar gida ka shaida wa Hajiya cewa ɗanta ya sayar da mota mai shan mai ya sayo tocila mai taya huɗu, wai ita kaɗai ce a gidan, ranar da batir ya mutu sai dai jikokinta su kwana a cikin ƙanƙara. Kai ka zuba wasanka ka wuce majalisa shan shayi, ita kuwa ba ta runtsa ba. Sau uku ta kira ni a daren. Don haka hukuncinka shi ne ka ɗauki wannan takarda ka je ka karanta mata a nutse, kuma kada ka tsallake wuraren da na taɓa ka, domin zan tambaye ta.

Eh, gaskiya ne. Motarmu ɗaya ce, ta lantarki ce, ta hannu muka saya, shekara biyu ke nan. Sunan kamfanin ba zan faɗa maka ba, don na san kafin la'asar ka kai labari Kantin Kwari cewa taubashinka ya zama attajiri. Amma ka sani, a nan mai motar fetur ne ake waiwayowa a kalla. A shekarar 2024, kusan kashi 89 cikin 100 na sababbin motocin da aka saya a ƙasar nan na lantarki ne zalla, kuma a watan Satumba na shekarar aka sanar cewa yawansu a kan titi ya zarce na masu shan fetur, a lokacin masu dizal ne kawai suka rage a gabansu. Idan ka tsaya a danja ka dubi lambobin motoci, waɗanda suka fara da harafin E na lantarki ne, kuma za ka gaji da ƙirga.

Abin bai faɗo daga sama ba. A 1989 wani mawaƙinsu, Morten Harket, da wani ɗan rajin kare muhalli, Frederic Hauge, suka shigo da wata 'yar ƙaramar Fiat Panda da aka mayar ta lantarki, suka riƙa wucewa ta shingen biyan kuɗin hanya ba sa biya, wai sai an yafe wa irin wannan mota. Hukuma ta ƙwace, ta dawo hannunsu, a sake ƙwacewa. Taurin kai dai irin naka, sai dai nasu ya haifi ɗa mai ido: a 1997 aka yafe kuɗin hanyar. Aka kuma cire wa motocin harajin saye na kashi 25 cikin 100. Yanzu da suka yi yawa an fara janye gatan, ana biyan wani kaso na kuɗin hanya, kuma a 2023 aka fara biyan haraji a kan abin da ya haura kurona 500,000 a farashin mota. Ƙasar nan tana da arzikin man fetur tana sayar wa duniya, amma kusan kashi 90 na wutarta daga ruwa ake samarwa, irin aikin Kainji da Shiroro, sai dai nasu madatsun sun cika ƙasar.

Yanzu ka buɗe kunne, don a nan maganar take. Abin da ke riƙe motar nan shi ne wani ɗan akwati da ke manne a bangon garejin rukunin gidajenmu. Dokar gidana guda ce: duk wanda ya shigo da mota a ƙarshe, ya jona ta kafin ya cire takalmi. Cikin dare, lokacin da wuta ta fi arha, sai ta sha ta ƙoshi. Gari na wayewa ka tarar da ita shirye. Yadda kake yi wa wayarka ke nan, in ban da cewa kai a shagon mai caji kake barin taka ka manta wa ka bai wa. Tafiyar kilomita 100 tana cin wajen yunit 18 zuwa 20 na wuta, irin yunit ɗin da kake saya a mita, alhali litar fetur a nan ta kan haura kurona 20. Shekara biyu ban shiga gidan mai ba sai in zan sayi ruwan wanke gilashi ko in duba iskar taya.

Ka gaya wa bakaniken nan naka, wanda ya yi wa gidansa sabon rufi da kuɗin gyaran motarka, cewa da irin wannan kake hawa da tuni ya koma sayar da rake. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa da za a ɗaure da waya. Abin da take ci shi ne taya, saboda nauyin batir, ga kuma tayoyin hunturu da ake sauyawa duk shekara. Birki ma ba ya cinyewa, domin da ka ɗaga ƙafa daga totur motar da kanta take rage gudu tana mayar da wuta cikin batir. Har mai duba mana ita ya ce mu riƙa taka birki da ƙarfi lokaci-lokaci don kada ya yi tsatsa saboda rashin aiki. Ga ta shiru, har sai da doka ta sa aka ƙara wa sababbin wata 'yar ƙara idan suna tafiya a hankali, saboda makafi da yara. Na san abin da ka fara rayawa: ka dawo daga hira ƙarfe ɗaya na dare ba tare da uwargida ta ji ba. Cire rai, ƙarar ƙofarku kaɗai ta isa ta tashi unguwa.

Sai maganar sanyi, wadda ita ce ta hana Hajiya barci, kuma ba zan rufe mata komai ba. Sanyi yana cin batir. Motar da ke yin kusan kilomita 400 da rani, a tsakiyar hunturu ba ta kai 300. Motar fetur tana ɗumama mutane da zafin inji wanda dama asararsa ake yi, wannan kuwa duk ɗumin da ka ji daga batir aka ɗebo shi. Maganinsa shi ne tun tana jone a bango ka umarce ta ta waya ta ɗumama kanta, sai ka fito ka tarar ƙanƙarar gilashi ta narke, kujera da ɗumi, batir kuma bai taɓu ba.

A hutun ƙarshen shekara muka gwada ta sosai. Wani ɗan'uwa daga Damagaram da ke zaune a Oslo aka yi masa haihuwa, muka ce ba za a yi suna babu mu ba. Kilomita 500 da ɗoriya ne, ya ɗara Kano zuwa Abuja, kuma hanyar sai ta haye tsaunin Dovre, inda titi ke kaiwa sama da mita 1,000. Mu biyar, da kaya, da kular waina da uwargida ta kwana tana soyawa. Tun dare na zauna na tsara inda za mu tsaya, kamar yadda Kawunka yake tsara zango idan za a je ƙauye. Muka bar gida da duhu, don a Disamba rana a nan ba ta yin awa biyar a sama. A Oppdal muka ɗan ƙara caji kafin hawan dutse. Daga nan fa lissafin batir ya shiga sauka da sauri, iska na kaɗa ƙanƙara a kan titi, yaran suka yi tsit suna kallon allo. 'Yar tsakiyar ce ta fara ƙirgawa da ƙarfi kamar mai gwanjo, har uwarta ta ce ta yi shiru ta yi salati. Da muka wuce Hjerkinn muka kama gangara, sai lissafin ya tsaya, can kuma ya ƙara ɗaya. Ihun da aka yi a motar nan, sai ka ce Pillars ta ci ƙwallo a Sani Abacha.

A Dombås muka tarar da layi, motoci uku a gabanmu, saboda hutu ne kowa na hanya. Mun jira wajen minti ashirin, cajin kansa ya ci rabin awa. A cikin lokacin muka yi alwala, muka haɗa azahar da la'asar, aka buɗe kular waina, har wata tsohuwa da ke jiran layi ta ci biyu ta tambayi yadda ake yi. Muka sake tsayawa a Lillehammer, muka isa lafiya. Tafiyar ta fi ta motar fetur tsawo da kamar awa ɗaya da rabi, amma da yara uku dama dole a tsaya, kuma na isa ban gaji ba. Ka gaya wa Hajiya wannan musamman: ko da ƙanƙara ta rufe hanya an tsayar da mutane ana jiran motar share titi, na'urar ɗumama ɗaki kaɗan take ja idan mota na tsaye. Da rabin batir za mu yi awanni masu yawa cikin ɗumi, babu hayaƙin da zai shaƙe kowa. Bargo da ruwa da dabino ba sa barin but ɗin motar. Ba na wasa da ran jikokinta.

Wahalar da na fi sani a gidan nan ta rabon mota ce. Uwargida tana aikin kula da tsofaffi, wani mako safe wani mako dare, don haka ita ce mai haƙƙin farko, ni bas nake bi zuwa aiki. Ranar Asabar ake yin ta: babban yana da ƙwallo, ƙananan suna da Islamiyya a masallaci, ga cefane, wani lokacin har mu tsallaka Storlien a Suwidin, kilomita ɗari daga nan, inda kaya suka fi sauƙi. Takarda muka manna a jikin firji, kowa ya rubuta buƙatarsa tun Alhamis. Da motar fetur ce ma haka za a yi.

Sau ɗaya aka manta ba a jona ta ba, uwargida ta tashi ta tarar da kashi 12, ta biya ta wurin caji mai sauri ta yi minti goma sha biyar, ta isa aiki a makare kaɗan. Tun ranar babu wanda ya sake mantawa. Kuma na ga amfanin dokar a daren da zazzaɓi ya rufe auta, ƙarfe biyu na dare, jikinsa kamar garwashi. Na naɗe shi a bargo na sauko, na cire waya daga bango, mota cike, ta tashi nan take a cikin sanyin da ke hana wasu injuna tashi. Aka duba shi, muka dawo kafin asuba. Yana nan garau, shi ne ma yake jan hannuna yanzu.

Amma akwai wani maƙwabcinmu a tsallaken titi da gidansu ba shi da wurin ajiye mota. Shi sai ya nemi wurin caji na kan titi ko mai sauri, wanda kuɗinsa ya ninka na gida, ya zauna yana jira bayan ya taso aiki a gajiye. Da ni ne a matsayinsa, da mota ɗaya da yara ƙanana, da sai na yi tunani sau biyu.

Wannan ya kawo ni ga minti na goma sha ɗaya na saƙonka, inda bayan ka gama zagin tocilar ka sassauta murya ka ce in sa maka ɗaya a jirgin ruwa. Na ji ka, kuma ban yi dariya ba, don na san halin da ake ciki tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haye 1,000. Na san motarka ta fi kwana a ƙofar gida fiye da hawa titi. Sai dai ka amsa mini: a ina za ka jona ta? Idan aka ɗauke wuta kwana biyu, janareta za ka tayar ka zuba masa fetur ɗin da kake gudu? Idan wani abu ya taɓu a batir, wa zai buɗe? Zafin bazarar Kano ma yana gajiyar da batir. Shawarata, ka fara da rufin gidanka. Ranar da ke dukan kwanonka a wata ɗaya mu nan ba ma ganin irinta duk hunturu. Ka sa sola mai ƙarfi, gida ya samu wuta tukuna, sannan ka gwada babur na lantarki don zuwa kasuwa, ka bar tsohuwar motar saboda tafiyar Zariya. A Maiduguri wani matashi, Mustapha Gajibo, ya daɗe yana cire injin ƙananan bas yana mayar da su na lantarki, suna ɗaukar fasinja a cikin gari. In ka samu hanya ka je ka gani da idonka, ka ɗauko mini hoto. A kan solar zan sa hannu, wannan alkawari ne, ka nemo mini farashi daga wuri biyu ko uku.

Kuɗin shararka na bana yana nan sai watan cika-ciki, kada ka fara aiko mini da tuni tun yanzu. Azumi ya ƙarato, bana da sauƙi a nan don yini bai yi tsawo ba tukuna. Akwai mai zuwa daga Abuja a ƙarshen wata, zan turo maka yadda za ku haɗu. Ka ba shi kuka da daddawa da yajin Goggo, ka ɗaure da kyau, kada ka buɗe yajin ka ɗiba kamar na bara.

Ka gaida Goggo, ka gaida uwargida da yara, ka gaida 'yan majalisa. Idan ka gama karanta wa Hajiya ka kira ni da bidiyo, zan sauka gareji in nuna mata akwatin da idonta.

Naka,
Ubangidanka na Trondheim