Kunun Zaƙi Ya Je Garin Giya

Pilzen, Jamhuriyar Cek.

Zuwa ga taubashina, sarkin tsegumin Haɗejiya,

Yaya ruwa? Ina fatan bana kogi ya tsaya inda Allah ya ajiye shi, bai biyo ku har ɗaka ba, kuma jan-baki sun rage maka ko buhu biyu na shinkafa.

Dalilin wannan takarda shi ne hoton nan da na ji kana yawo da shi majalisa-majalisa, wanda aka gan ni zaune cikin Turawa, kofuna a gabanmu, kumfa tana tashi. An ce har wajen Inna ka kai shi, kana salati. To, ka sake dubawa da idon basira. Kofin da ke gabana fari ne tas. Kunun zaƙi ne, kuma ni na dama abina.

Ga yadda aka yi. Garin nan da neman abinci ya kawo ni, giya ce sarautarsa. Mutanen ƙasar sun fi kowa shan ta a duniya idan aka raba bisa kai. A 1838 giyar garin ta lalace, har aka malalar da ganga 36 a gaban majalisar gari. Ka ji, babu Hisba babu komai, su da kansu. Amma fushinsu wai ba ta yi daɗi ba ne! Sai suka gina babbar masana'anta, suka ɗauko wani Bajamushe daga Bavariya, Josef Groll, wanda a 1842 ya dafa musu wata mai ruwan zinare, garau. Ita ce pilsner, da sunan garin ake kiran ta ko'ina a duniya.

Maƙwabcina wani dattijo ne da ya yi ritaya, mutumin kirki, shi ya koya mini kunna na'urar ɗumama ɗaki lokacin da sanyi ya so kai ni lahira. Aibinsa ɗaya: yana dafa tasa giyar a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ranar da ta nuna ya tara abokan sana'arsa, ya aiko a kira ni. Taubashi, ban taɓa ganin shan abu da ladabi irin wannan ba. Kowa ya ɗaga kofi ya haska a fitila, ya sunsuna, ya auna kaurin kumfa da yatsa, ya kurɓa, ya lumshe ido, sannan a soma gardama. Wannan ya ce ɗacin ya yi daidai, wancan ya ce da an ƙara mata mako guda a sanyi. Da aka miƙo mini, na dafa ƙirji na ce addinina ya hana. Dattijo ya yi shiru, ya dube ni da tausayi, ka rantse cewa na yi ba ni da uwa ba ni da uba.

Bai haƙura ba. Ranar dahuwa ta gaba ya ja ni na ga aikin. Sha'ir suke jiƙawa ya tsira, a busar, a ɓarza, a zuba a ruwan ɗumi har garin ya koma zaƙi, a tace. Sai a tafasa ruwan da wani koren fure mai ɗaci da ake nomawa a yankin Zatec. Idan ya huce a zuba yis, a bar shi ya yi aiki cikin sanyi, sannan a ajiye wajen wata guda. Yis ɗin nan shi ne shaiɗanin, shi ke mayar da zaƙi maye. Dattijo ya ɗebo mini ruwan tun kafin yis ya kusance shi. Na farko, wanda ba a sa fure ba, ɗan uwan Maltina ne mai ɗumi, na shanye. Na biyu, bayan fure, ɗacinsa kamar an jiƙa ɓawon maɗaci. Na ce masa a garinmu sai mai zazzaɓi ake ɗura wa irin wannan, kuma sai an danne shi.

Nan fa zuciyar Bahaɗeje ta motsa. Na ce ai mu ma muna da tsiro, muna da tata, bari su ga aiki. Gero ya ba ni wahala, don a nan ƙunshi-ƙunshi ake sayar da shi, mai arahar kuwa yana shagon abincin tsuntsaye. Mai shagon ta tambaye ni aku nawa nake kiwo. Na jiƙa, na niƙa da citta da kanumfari da dankalin Hausa, na raba ƙullun biyu, na dama rabi da tafasasshen ruwa, da ya sha iska na juye ɗanyen a kai, na rufe ya kwana. Da safe na tace, na sa sukari, na kai musu.

Suka yi masa irin shari'ar da suke yi wa tasu. Aka haska a fitila, aka ce bai washe ba. Aka nemi kumfa, babu. Wani ya tsoma wata 'yar kwalba mai awo a ciki, ya girgiza kai. Da citta ta kama maƙogwaron dattijo sai ga hawaye, amma ya miƙo kofi a ƙara. Kafin a jima bokiti ya koma wayam. Ana cikin haka aka ɗauki hoton da kake talla da shi.

Rigimar ta zo daga baya. Dattijo ya ce abin nan yana da makoma, in ba shi jarka guda ya ajiye a ƙasa mako shida, zan ga abin mamaki. Na ce na san abin mamakin, sunansa burkutu, kuma ba da gerona ba. Kunu yini guda gare shi, in ya daɗe ya yi ridda. Mun dai rabu a kan haka: shi da yis ɗinsa, ni da cittata. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Yanzu duk ranar da suka taru, bokitina na tsakiyar tebur, kuma matansu sun soma aiko da kwanuka.

Saboda haka kasuwa ta buɗe, sai ka tashi tsaye. A aiko mini da gero na gaske, da tsamiya, da zoɓo. Jigawa na loda zoɓo zuwa Meziko, ba zai gagara zuwa nan ba. A haɗo da busasshen kifi, don koguna huɗu ne suka haɗu a garin nan amma ban ga tarwaɗar da za ta kalli tamu ba. In kuɗin jirgi ya yi maka yawa, ka je Baturiya ka ɗaura wa tsuntsayen nan da ke komowa Turai idan sanyi ya wuce, sun ci kifinmu kyauta, su ma su yi mana rana.

Ka gai da Inna, ka karanta mata takardar nan daga farko har ƙarshe, ban da ƙari. Ka gai da amarya da yara da 'yan majalisa. Kuma bashin nan na kuɗin taki yana nan ban manta ba, a cikinsa za ka yi sayayyar.

Wassalam.

Naka har kullum,
Ubangidanka na Turai.