Kaka, Kwamandonka Ya Yi Kuka a Moshi Zongo

Kaka, gaisuwar jika ba ta wuce miƙa hannu, to ga nawa, a ɗora masa wani abu. Bayan haka ina da ƙara, kuma a gaban jama'a zan shigar da ita, tunda a gaban jama'a ka tafka abin.

Kai ne ka bi Moshi Zongo lungu-lungu kana shelar ka samo sabon fim ɗin Kwamando, har da jirage biyu suna karo a sararin sama, kowa ya taho da bencinsa. Sabon naka tun 2017 ya fito, sunansa Aftermath, amma wannan ba komai, a wurin Badagombe duk abin da ya iso Tamale jiya, jiya aka yi shi. Ka ga fuskar Arnold Schwarzenegger, ka ga jirgi, ka rufe bincike. Mutane suka zo da tunanin wancan ƙaton na 1985, mai saɓa gungumen itace a kafaɗa, mai shiga tsibiri shi kaɗai ya gama da bataliya. Sai ga wani dattijo mai furfura a gemu, shugaban leburori a wurin gini, ya riƙe furanni ya tafi filin jirgi tarbar matarsa da 'yarsa mai juna biyu. Aka ja shi wani ɗaki aka ce masa ya yi haƙuri. Karon da ka yi mana alkawari kuwa, ɗigo ne a kan allo, yanzu ana ganinsa, yanzu babu. Daga nan Kwamando ya shiga kuka da kwana a maƙabarta, kai kuma kana ta juyowa kana ce mana, "Ku dai jira, yanzu zai ɗauko bindiga."

Samarin nan masu tuƙa yalo-yalo, babur mai ƙafa uku na haya, su ne suka fara yanke hukunci. Sun ajiye aikin dare saboda kai, suka ce an cuce su, kuma ban ga laifinsu ba. Tsakiyar fim ɗin tana jan ƙafa sosai, ko ni da nake kare shi sai da na yi hamma. Malamin makarantar allonmu ya ce shi abin da ya kama masa zuciya shi ne inda lauyoyin kamfani suka tura wa mutumin takardar kuɗi, shi kuma ya ɗaga hoton iyalinsa yana neman wani ya dube shi ya ce a yi haƙuri, aka rasa. Ya ce diyya ba ta wanke zuciya in ba ta zo da ban-haƙuri ba. Wani tsohon Alhaji kuma bai ce uffan a kan fim ɗin ba, sai ya ɗauko zancen Kano, ranar 22 ga Janairun 1973, da jirgin alhazai ƙirar Boeing 707 ya taso daga Jidda, yanayi ya hana shi zuwa Legas, ya juyo Kano ya tarwatse wurin sauka, mutum 176 suka rasu. Ya ce a lokacin babu zangon da ba a yi salati ba. Ya tashi ya tafi tun fim bai ƙare ba.

Sai kai. Kai ka dage duk laifin na ma'aikacin nan ne mai kula da zirga-zirgar jirage. Ka miƙe tsaye, hula a karkace, ka ce da kai ne a kujerar nan, da ka leƙa ta taga ka daka musu tsawa kowa ya kama hanyarsa. Kaka, wace taga? Kana zaton mutumin yana saman hasumiya irin ta filin jirginmu na hanyar Bolga yana hangen jirage da ido? Mai hasumiya aikinsa tashi da sauka ne. Jirgin da ya kai ƙafa dubu talatin da wani abu, wasu ne daban suke riƙe da shi, a wani ɗaki mai allon rada da rediyo, wataƙila ɗaruruwan kilomita daga inda jirgin yake. Ba su ganin fiffike ko hayaƙi, lamba suke gani da tsayi da gudu. Jirgin da ya tashi daga Ankara, babban birnin Gana, zuwa Wagadugu ta kanmu yake bi, ma'aikatan Gana su riƙe shi, su miƙa shi ga na ASECNA, hukumar da Burkina take ciki tare da Nijar da sauransu, kai kuma kana ƙasa kana cin wasawasa ba ka san an yi ba.

Wadda ta fi kowa ganewa ita ce Hajiya mai koko, da ta tsaya bakin ƙofa ba ta ko zauna ba. Ta ce, "Yaron nan shi kaɗai suka bari da kujera biyu, waya kuma a kashe, taura biyu ai ba ta taunuwa." Ba ta san ta faɗi ainihin abin da ya faru ba, domin labarin ba ƙagagge ba ne. Masu fim sun ɗauke shi ne daga Turai suka kai Amurka suka sauya sunaye.

Daren 1 ga Yulin 2002 ne, a saman garin Überlingen da ke kudancin Jamus. Jirgin kamfanin Bashkirian na Rasha, ƙirar Tupolev, ya taso daga Mosko zuwa Basalona da mutum 69, yawancinsu yara ne za su hutu. Jirgin kaya na DHL, da matuƙa biyu, yana kan hanyar Brussels. Dukansu suna ƙafa 36,000. Wannan yanki na sama yana hannun kamfanin Skyguide na Suwizalan, kuma a daren mutum ɗaya ne a bakin aiki a Zurich, Peter Nielsen, domin abokin aikinsa ya tafi hutawa, al'adar da shugabanni suka sani suka kau da kai. Masu gyara sun taɓa na'urori, alamar gargaɗin da kan fito a allo ba ta aiki, babban layin waya ma haka. Shi kuma yana can ɗaya kujerar yana fama da wani jirgi da ya makara yana son sauka a Friedrichshafen. Ma'aikatan Karlsruhe a Jamus sun hango abin a nasu allon, suka yi ta bugo waya ba ta shiga.

Da ya farga, abin da ya rage bai kai minti ɗaya ba. Ya ce wa na Rasha ya yi ƙasa. To jiragen suna ɗauke da wata na'ura, TCAS, wadda ke magana da 'yar'uwarta a ɗaya jirgin su raba hanya. Ta ce wa na DHL ya yi ƙasa, ta ce wa na Rasha ya yi sama. Na DHL suka bi na'ura, na Rasha suka bi muryar mutum, duka biyu suka yi ƙasa. Mutum 71, babu wanda ya tsira. Bayan wannan ne aka fayyace doka cewa in na'urar ta yi magana, ita matuƙi zai bi ko da ma'aikacin ƙasa ya ce akasin haka. A 2007 kotun Suwizalan ta samu manyan ma'aikatan Skyguide huɗu da laifin sakaci. Amma kafin nan, a Fabrairun 2004, Vitaly Kaloyev, wanda ya rasa mata da 'ya'ya biyu, ya riga ya je har gida ya kashe Nielsen da wuƙa. An ɗaure shi, aka sake shi a 2007, a yankinsu Ossetia ta Arewa aka tarbe shi hannu biyu, har ya zama mataimakin minista.

Nan ne ni nake ganin laifin fim ɗin, kuma ya fi jan ƙafar girma. Bai tsaya a kan na'urar ba, bai tsaya a kan waɗanda suka tsara aikin dare haka ba, ya mai da abin rigimar mutum biyu. Shi ya sa irinku kuke fitowa kuna neman wuya ɗaya da za a shaƙe. Da Kwamando ya zaro wuƙa a ƙarshe, kai kaɗai ka tafa. Ka tafa sau biyu, ka waiga ka ga kowa ya yi tsit saboda matar ma'aikacin da ɗansa suna wurin, sai ka mai da tafin kamar sauro kake kashewa. Na gan ka.

Kuma wai kai ne za ka koya wa duniya tsare jirage. Ku zuriyar Na Gbewa, a tarihin da ku da kanku kuke bayarwa, doki ɗaya tak aka bar muku ku tsare a Gambaga. Kakarmu Yennenga ta hau shi ta fice, ga sarki ga dakarai, babu wanda ya san inda ta nufa sai da aka aiko muku da jika, Wedraogo. Hanya ɗaya, doki ɗaya, a ƙasa yake tafiya, ba gajimare. Mu dai Moshawa ba mu yi asara ba. Dokin nan shi ne yau babbar kyautar fim ta FESPACO a Wagadugu, wadda Umaru Ganda na Nijar ya fara ɗauka a 1972, Kwaw Ansah na Gana ya kawo ta gida a 1989. Saboda haka in ana zancen fim, ka riƙa tambayar jikokinka kafin ka yi shela.

Na kuma ji kana tara kuɗin kujerar Makka, tunda tun 2016 alhazanmu daga nan Tamale suke tashi, ba sai an kwana a hanyar Ankara ba. Allah Ya nufa. Sai dai ka sani daga nan har Saudiyya mutanen nan da ka zaga su ne za su riƙa miƙa ka hannu zuwa hannu, ƙasa bayan ƙasa. Zan nemi a ba ka kujerar tsakiya, nesa da taga, kada ka ce za ka taya su aiki. Makullin babur kuma ka bar shi a wurina, samarin yalo-yalo suna bin ka kuɗin dare guda, ni zan tsaya maka.